Keken da Aka Yi Sadaka da Shi

Da sunan Allah nake farawa, wanda ya saukar da ciwo ya kuma saukar da magani. Tun da na samu sauƙi mutane ke tare ni a hanya da tambaya biyu: gaskiya ne an tsaga mini baya, kuma gaskiya ne ni aka gani a kan keken mata a kasuwar Rijiyar Bawa? Duka biyun gaskiya ne. Na ga gara in rubuta sau ɗaya, daki-daki, ko wani mai irin ciwon zai ƙaru.

Sunana Habu. Ina aiki a wani ƙaramin gidan rediyo a Magariya. Shirina na manoma ne, minti talatin kowace Laraba da yamma. Ba a ɗaki ake haɗa shi ba. Ranar kasuwa nake hawa keke in shiga ƙauye, in ɗauki muryar mutane a gindin bishiya da bakin rumbu, in dawo in tace. Shekara goma sha huɗu na yi ina haka a kan keke ɗaya, baƙi, mai sandar tsakiya, irin wanda sai ka tura shi da gudu ka wurga ƙafa ta baya kafin ka zauna.

Ciwon ya fara ne da rani, zafi-zafi a ƙugu, na ce gajiya ce. A mako na uku ya gangara ta bayan cinyar hagu har babban yatsa, kamar an ja zaren wuta. Ruku'u ya fara gagara. A mako na biyar ina tafiya masallaci takalmin hagu ya zame daga ƙafata, na yi taku ashirin ban sani ba, sai da wani ya kira ni ya miƙo mini. Duk wanda ya ga haka a jikinsa, ranar ya kamata ya tafi likita. Ni sai da na ƙara wata biyu.

A cikin watan biyun nan na sha shawara. Yayana Idi, manomi ne a wajen Mallawa, ya ce sanyi ne, ya kawo wanzami aka kafa mini ƙaho bakwai. Surukata ta aiko da kitsen damo a gwangwani. Danginmu na tsallaken iyaka suka ce in zo Kano. Lawali, taubashina mai shago a kasuwa, ya ce tsufa ne na ƙi amsa sallamarsa. Kowa da nasa, amma a kan magana ɗaya bakinsu ya haɗu: keke ne ya cinye mini baya.

Da ƙafar ta fara ja a ƙasa, likitar Magariya, wato asibitin garinmu, ta ba ni takarda zuwa wani asibiti a Damagaram. Mun isa bayan asuba, ni da Yaya Idi da maiɗakina, muka tarar layi ya riga mu, lamba arba'in da uku aka ba ni, kuma ba na iya zama ba na iya tsayuwa. A kan tabarma na jira, a kwance. Hoton sikana, mai nuna cikin jiki, sai da muka kwana uku, yau babu kuran, wato wutar lantarki, gobe mai na'urar bai samu zuwa ba. Wannan ƙorafi ne, kuma ba zan janye shi ba. Amma lokotoron da ya duba ni, matashi ne mai sanyin magana, ya biya ni haƙurina. Ya sa ni tafiya a kan dunduniya, ƙafar hagu ta faɗi. Ya ɗaga hoton ya ce, "Harni diskal, el-kat el-senk." Kalmomin sun zauna mini kamar lambar tasha.

Na ce, "Lokotoro, a Hausa fa?"

Ya ɗora dunƙulen hannu a kan dunƙule, ya sa hankici a tsakani. "Tsakanin kowane ƙashi biyu na baya akwai matashi. Naka ya fashe ya danne jijiyar ƙafa. In muka cire abin da ya fito, jijiyar za ta huta. In ka ƙara jira, ƙafar tana iya ƙin dawowa."

Yaya Idi ya ce shi bai taɓa jin wanda aka sa wa wuƙa a baya ya tashi ba. Lokotoro ya ce ya leƙa ɗaki na biyu, akwai mutum uku suna yawo. Ya je ya leƙa ya dawo. Washegari ya sayar da buhunan gyaɗarsa, ni kuma raguna biyu suka tafi.

Safiyar aikin, farkon damina, an kwantar da ni a gadon turawa, sanyi da tsoro sun haɗu mini. Yaya ya sunkuyo.

"Habu, za mu fitar da sadaka. Me za a bayar?"

Na ce, "Yaya, duk abin da kuka ga ya dace a cikin kayana, ku bayar."

A raina zakara nake nufi, ko tiya biyar ta gero.

Da na farka, abin da na fara nema shi ne zaren wutar nan. Babu shi. Wurin ɗinki yana zafi, amma ƙafar shiru. Na motsa babban yatsa, ya amsa, kaɗan. Hadiza, maiɗakina, tana tsaye a ƙarshen gadon ta ga motsin, ta rufe baki da mayafi. Washegari ma'aikaciyar ɗakin ta ce in tashi in taka.

Yaya ya ce, "Baiwar Allah, mutumin da aka yanka jiya?"

Ta ce, "Baba, kwanciyar ce za ta lalata shi. Kama masa hannu."

Na yi taku goma sha ɗaya. Na ƙirga.

Kwana shida aka sallame mu da dokoki. Ba sunkuyo, ba murɗa ƙugu, ba ɗaukar abin da ya fi buta nauyi. In zan tashi daga gado, in juya gaba ɗaya kamar gungume. Babur kuwa, ko na kaina ko kabu-kabu, lokotoro ya ce in manta da shi har sai ya ce, saboda jijjiga. Salla a kujera. Kafinta ya huda mini wata kujerar don bayan gida, kuma ina shaida wa duk mai shirin wannan aiki ya tanadi tasa tun kafin ya tafi. Hadiza ce ta ɗauki sauran: wanka, sa takalmi, ɗauko duk abin da ya faɗi. Ban san yawan abin da mutum ke yarwa a yini ba sai da aka hana ni sunkuyo.

Masu dubiya sun zo, Allah ya ba su lada. Sai dai kusan kowa ya zo da labarin wani ɗan'uwansa da aka yi wa irin aikin bai ƙara moruwa ba. Ku masu zuwa dubiya, ku riƙa barin wannan labarin a ƙofar gida tare da takalmanku.

A mako na huɗu direktan gidan rediyonmu ya zo da sukari da ganyen shayi. Mutum ne mai kirki, ba ya kuma kewaye-kewaye.

"Malam Habu, tsofaffin shirye-shiryenka muke maimaitawa, har manoma sun fara haddacewa. Zan riƙe maka har ƙarshen kaka. In zuwa lokacin ba ka iya shiga ƙauye, zan ba wani shirin, kai ka dawo karanta sanarwar biki da ta rasuwa. Aiki ne shi ma."

Aiki ne, gaskiya. Amma ba nawa ba ne. Babur an hana ni, mota ba ta shiga inda nake shiga. Ko keke, ko kujera.

Akwai wata mai koyar da motsa jiki da ke zuwa likitar Magariya sau biyu a wata, Madam Zainabu, ita suke ce wa kine. Ita ta koya mini yadda zan ɗaure ciki in saki, da yadda zan ɗaga ƙugu ina kwance. A mako na takwas na yi ta maza na tambaye ta ko zan sake hawa keke.

Ta ce, "Wa ya ce keke ne ya ɓata maka baya?"

"Kowa."

"Me kake ɗaurawa a bayansa?"

Sai na faɗi gaskiya. In zan dawo daga ƙauye ba a barina hannu banza: damin gero, kabewa, wani lokacin rabin buhun wake. In na zo kwari ko yashi mai zurfi, sai in sunkuya in ɗaga keken da kayan gaba ɗaya in tsallake.

Ta ce, "To ba hawa ba ne, ɗagawa ce. Mako na goma sha biyu za ka fara, minti biyar. Ka kawo mini keken in gani tukuna."

Na koma gida kamar an yi mini bushara da kujerar Makka. Na tambayi Hadiza keke, ta ce yana wurin mai gyara. Bayan kwana uku na sake tambaya, ta ce mai gyaran ya yi tafiya.

Kunne ne sana'ata. Wata safiya ina zaune a ƙofar gida sai na ji wani sauti yana tahowa daga kwanar masallaci: ƙyas, shiru, ƙyas, shiru. Fedar hagu ce, ta shekara shida tana wannan kukan, na sha cewa zan gyara. Na ɗaga kai. Ɗan-Ladi ne, mai lambu a fadama, wanda ya saba kawo kayan miya kasuwa a ka. Yana kan kekena, kwandon kuɓewa a baya. Da ya gan ni ya diro, fuskarsa cike da murna.

"Malam Habu! Allah ya karɓa, Allah ya saka da Aljanna! Kullum sai na sa ka a addu'a."

Na ce amin. Me zan ce?

A cikin gida Hadiza ta ajiye muciya ta zauna. Ta ce ina cikin ɗakin aiki Yaya ya buga wa maƙwabcinmu waya, ya ce a fitar da keken a ba mabuƙaci nan take, kafin a gama ɗinki. Ta ce, "Kai ka ce duk abin da muka ga ya dace." Tana magana tana danne dariya, idonta kuma da ƙwalla.

Na kira Yaya. Ko a jikinsa.

"Zakara? Da zakara za ka fanshi baya? Sadaka da abin da rai ke so ake yi. Kuma abin da ya kwantar da kai, mun raba ka da shi. Ina laifi?"

"Madam ta ce ba shi ya kwantar da ni ba."

"To ya tashe ka. Ka fito ko ba ka fito ba?"

Na aiki Lawali ya gaya wa Ɗan-Ladi ina so in sayi keken, ya faɗi kuɗinsa. Da la'asar sai ga shi da kansa yana turo shi, ya wanke shi tas. Ya ce shi bai san abin ya zo da kuskure ba, kuma ba zai karɓi ko dala ba, in ɗauki abina. Limamin unguwarmu yana nan ya zo dubiya. Ya saurara har muka gama, sannan ya gyara zama.

"Malam Habu, a karatun da muka yi, sadaka in ta fita ta fita. Ba a komawa gare ta, an ma ƙi mutum ya saye ta da kuɗinsa."

"Malam, ai ban ambaci keke ba."

"Ka wakilta ko ba ka wakilta ba?"

"Na wakilta."

"Ka shiga ɗakin nan a kwance, yau ga ka a zaune kana gardama. Ka san da wanne aka karɓa?"

Na dubi Ɗan-Ladi. Ya cire hula saboda zafi, tsakiyar kansa babu gashi, gammo ya cinye. Na dubi keken, ya ɗaura sabuwar roba a wurin kaya, ya naɗe hannuwan da tsumma mai tsabta. Na miƙa hannu na riƙe kan keken, ban san ko minti nawa ba. Sannan na ce ya tafi da abinsa, Allah ya sa albarka, ya kuma nemi mai ya ɗiga wa fedar hagu. Ba zan yi ƙarya ba, kwana uku na yi ina amsa magana da ka. Darasin da na ɗauka kuwa shi ne: in za a shiga da kai ɗakin aiki aka tambaye ka sadaka, ka kira abin da sunansa.

Da na ba Madam Zainabu labari sai da ta nemi kujera ta zauna don dariya. Ta tambayi fasalin keken, na kwatanta. Ta ce da na kawo ma hana ni za ta yi, domin wurga ƙafar nan murɗa ƙugu ne, kuma kansa gajere ne, a sunkuye nake tuƙi. Ta juya takardar magani ta zana wani: babu sandar tsakiya, kai dogo, mutum na zaune a miƙe, ƙafarsa na kai ƙasa.

Na ce, "Madam, wannan ai keken mata ne."

Ta ce, "Bayanka bai san haka ba."

A wurin masu shigo da kekuna na hannu daga tsallaken iyaka muka nema. Guda ɗaya ne ya yi daidai da tsawona, ruwan hoda, da kwando a gaba. Hadiza ta sayar da tunkiyarta, Yaya ya aiko da ciko ba tare da wata magana ba, na kuma fahimci saƙon. Ranar da aka turo shi gida ta gaban shagon Lawali aka bi, kafin magariba labari ya gama kasuwa.

Mako na goma sha biyu, lakwal, wato makarantar boko, tana hutu, muka tafi filinta da safe. Ruwan da aka yi ya danne yashi, ƙasa ta yi tauri. Hadiza ta riƙe agogo. Na zura ƙafa ta tsakiya, ba gudu ba tsalle, na zauna. Na kama kan keken da hannu biyu. Na fi minti biyu ƙafa ɗaya a ƙasa ina sauraren bayana kamar mai neman tasha.

Hadiza ta ce, "Malam, minti biyar ɗin har da tsayuwar ake ƙirgawa?"

Na taka. Keken ya yi hagu, ya yi dama, ya miƙe. Iska ta shiga rigata. Wata biyar rabon da in ji iska ta zo mini daga gaba saboda ni ne nake tafiya. Na zagaye filin sau uku ina dariya ni kaɗai, awakin da ke kiwo a gefe suka ɗaga kai suna kallo. Da ta ɗaga hannu na tsaya na sauka, na taka ƙafar hagu da ƙarfi. Tana nan.

Mako na gaba minti goma. Na bayansa na hau gudro, wato titin kwalta, kuma dole ta gaban shagon Lawali.

"Hajiya Habu! Cefane za a je? A taho mini da daddawa!"

Na danna ƙararrawa na ce, "In ka iya hawa zo ka karɓa, tumbinka ne zai cika kwandon."

Ƴan rumfar suka kwashe da dariya, rabi nasa rabi nawa. Bayan kwana huɗu abin ya ishe su, sai ɗaga hannu kawai.

A mako na goma sha biyar na yi wauta. Daɗi ya ɗebe ni na yi minti arba'in a jere, har da yashi. Washegari bayan ya ɗaure tamau, kwana biyu ina kwance ina lissafin cewa na rusa aikin lokotoro. Madam ta duba ƙafar, ta ce jijiya lafiya, nama ne ya yi fushi. Ta yi mini faɗa sosai. Minti biyar kawai ake ƙarawa a mako. In an zo yashi a sauka a tura. Kowane minti ashirin a tsaya a miƙe. In ciwo ya tsaya a baya, a huta. In ya gangara ƙafa, ko ta yi sanyi ba a jin ta, a bar komai a tafi likita. Na rubuta su yadda ta faɗa, amma kowa ya tambayi nasa lokotoron, baya ba ɗaya ba ne.

Mako na goma sha takwas ya faɗo a tsakiyar kaka. Na zaɓi kasuwar Rijiyar Bawa, kilo tara daga gari. Na sa na'urar ɗaukar murya da gorar ruwa a kwando, na fita da hantsi. Gonaki an yanke gero, dammuna a jere, amalanke na wucewa da harawa. Na tsaya sau uku kamar yadda aka ce, na tura a yashi sau biyu. Tafiyar da nake yi a minti talatin da biyar ta ci minti saba'in, kuma ban taɓa ganin hanyar kamar ranar ba.

Tun daga bakin kasuwa aka fara ihu. Mazan rumfar hatsi suka taso, wasu na rungumata a hankali, wasu na zagaya keken suna riƙe ciki. Maigari ya ce an ce musu na gurgunce, wasu ma sun ce an kai ni Kano ban dawo ba. Ya dubi keken ya ce, "Na gidan ne aka ara maka?" Ya sa a kawo mini damin gero na barka, na ce a yafe mini, yanzu murya kawai nake ɗauka.

Ina turawa zuwa rumfar maza, inda na saba zama, sai keken ya tsaya. Wata tsohuwa mai sayar da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa ce ta riƙe kwandon da hannu ɗaya. Iya Mairi suke ce mata.

"Wannan na wa?"

"Nawa ne, Iya."

"To tun da yau a namu ka zo, fito da abin maganar. Shekara nawa kana wuce mu kana tafiya wurin waɗancan? Gyaɗar da suke ba ka labari, wa ke ɓare ta? Wa ke soya ta? Wa ya san wadda ke ba da mai da wadda ba ta bayarwa?"

Mata suka ce, "Gaya masa, Iya!"

Na nemi turmi aka kifa mini, na zauna a miƙe, na kunna. Minti ashirin da shida suka yi suna magana, a kan irin gyaɗa, da ƙwarin da ke cin wake a rumbu, da tokar da suke zubawa don korarsa, da wanda ke riƙe kuɗin in an sayar. Mazan suka matso suna musu daga baya, Iya tana mayar musu ɗaya bayan ɗaya. A shekara goma sha huɗu ban taɓa ɗaukar abu mai rai kamar wannan ba, na kuma ji kunyar hakan.

Na iso gida kafin la'asar. Hadiza na ƙofa. Ta dubi ƙafata kafin ta dubi fuskata, na taka mata sau biyu ta gani.

Ranar Laraba da safe na kai wa direkta shirin a tace. Ya sa abin sauraro a kunne, ya ji har ƙarshe, sau biyu kafaɗarsa na rawa. Ya cire ya ajiye. Bai yi zancen ƙarshen kaka ba, ni ma ban yi ba.

"Mako mai zuwa wace kasuwa?"

"Ta Alhamis. Kilo goma sha ɗaya."

"Bayan zai kai?"

"In na tsaya sau huɗu."

"Tsaya sau biyar," in ji shi. "Ka fara da rumfar mata."

Alhamdu lillahi. Allah ya ba duk mai kwance lafiya, ya kuma saka wa masu jinya, waɗanda ba a zuwa dubiyarsu.